Otomatik ko giyar hannu a motar kaya, wanne za ka saya?

Tun da Toyota suka fito da Land Cruiser 79 mai otomatik mai giya 6 a 2023 mutane ke ta tambayata a garejinmu nan Garwa, wai maigida wanne ya fi.

Wajen kuɗi dai giyar hannu ta fi sauƙi, saye da gyara duka. Kulochi ya ƙone, duk bakaniken da ke bakin hanya daga nan har Marwa zai sauke ya canza maka ka tafi. Ita ko otomatik in ta kama ciwo sai an sa mata kwamfuta, kayan gyaran kuma wani lokaci sai an aiko daga Duwala ko Kano, mota na tsaye kai kana ƙirga kwanaki. Sannan batir ya mutu a daji ba a tura ta ta tashi.

Amma fa wallahi wajen tuƙi otomatik akwai hutu, musamman cikin yashi da lodi a baya, ƙarfinta ba ya yankewa lokacin canjin giya, yaron mota sabon hannu ma ba zai ƙone maka kulochi ba. Abokin gabarta zafi ne. Zafin Afrilu ga nauyi, in ka duba ka ga man giya da yake ja ya koma baƙi yana ƙauri, to canza shi da wuri.

Mai zirga-zirgar Mora zuwa Kusiri da ƙauyuka, ɗan'uwa riƙe giyar hannu. Wanda aikinsa cikin Njamena ne ko kan kwalta, kuma bai wasa da sabis, otomatik za ta yi masa.