Serti, Toungo ko Gembu: ta wace ƙofa za ka shiga Gashaka-Gumti?

Duk wanda ya ce mini zai je gandun dajin Gashaka-Gumti, abu biyu nake fara tambayarsa: kwana nawa ke hannunka, kuma wace mota za ka shiga? Da wuya in sami amsa kai tsaye. Sai dai ya zaro waya ya nuna mini hoton wani matashi a ƙololuwar dutsen Chappal Waddi riƙe da tutar Najeriya, ya ce nan zai je, ya tashi ranar Juma'a, Litinin da safe yana ofis. Daga nan asarar kuɗin take farawa, tun mutum bai zuba mai a tanki ba.

An kafa gandun a 1991, aka haɗe tsofaffin gandunan namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti. Babu gandun dajin ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya: ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kwanta a jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. Wuri mai wannan faɗi ba a ce masa "zan je" kawai. Tafiya uku ce daban-daban ke amsa suna ɗaya, kowacce da hanyarta, da kuɗinta, da irin ƙafar da take bukata.

Kafin komai, cire Yankari daga ranka. A can kana zaune cikin mota ake zagayawa da kai, in ka yi sa'a giwaye su gitta, da yamma ka faɗa ruwan Wikki mai ɗumi. A Gashaka ƙafarka ce motar. Daji ne mai duhu da tsaunuka da koguna, dabba tana ganinka kai ba ka ganinta. Wanda ya tafi don ya ƙirga namun daji zai dawo yana mita.

In kuwa namun dajin ne suka fi damunka, ƙofar arewa ce taka, wato ɓangaren Gumti. Daga Yola ake bi ta Mayo Belwa, Jada, Ganye, a sauka Toungo. Ƙasar can ta fi shimfiɗa, ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi, irin wurin ɓauna da gwanki da kanki. Mutumin Yola ko Mubi ya fi kusa da ita. Amma mai neman hawan dutse da safe ya dawo masauki da la'asar, ba nan ce kasuwarsa ba, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Ƙofar da nake tura kusan kowa ita ce Serti. Nan hedikwatar gandun take, nan fadar Lamɗon Gashaka, sarkin yankin, take, nan kuma za ka biya kuɗin shiga a haɗa ka da ma'aikacin gandun da zai raka ka. Mai tasowa daga Kano ko Bauchi zai bi ta Gombe, Kaltungo, Numan, ya kwana Jalingo. Washegari bayan asuba ya kama hanyar Sunkani, Garba Chede, Bali, har Serti. Kwana biyu ke nan a hanya kafin ka taka dutse ko ɗaya, kwana biyu kuma na dawowa. Ka ga lissafin mai Juma'a zuwa Litinin ya rushe tun a nan. Mai hali yana iya hawa jirgi zuwa Jalingo ko Yola ya rage kwana guda kowane ɓangare, sai dai har yanzu yana bukatar mota a ƙasa, kuma ita ce babbar magana, zan zo kanta.

Abin da ya sa na fifita Serti shi ne, daga ƙauyen Gashaka, wanda ke cikin kwari bayan an bar kwalta, akwai tafiye-tafiyen wuni guda da ba su bukatar tanti ko 'yan dako. Mafi sauƙi ita ce hawa tudun da ke ɗauke da kufan sansanin Jamusawa, na zamanin da yankin ke hannunsu kafin su rasa Kamaru a 1916. Gini kam saura kaɗan, duwatsu ne jere da ciyawa ta cinye. Amma in ka tsaya a kai ka dubi yadda kwarin ya buɗe ta kowace fuska, ba sai an gaya maka dalilin da ya sa soja ya zaɓi wurin ba. Wannan ta dace da ranar farko, lokacin da gwiwa ba ta gama warwarewa daga zaman mota ba. Ta biyu ita ce zuwa gurbin dorinar ruwa a Mayo Kam. A Fulatanci "mayo" kogi ne, kuma za ka ji kalmar har ta gundure ka, domin ruwan da ke gangarowa daga waɗannan tsaunuka shi ke ciyar da Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai.

Ta uku a tafiye-tafiyen wuni gudan ce ta fi kwanta mini a rai: shiga kurmi ta wajen Kwano, inda masu binciken birai suka kafa sansani tun wajen shekarar 2000. Dajin nan na cikin manyan mafakar birin cimfanzi irin na Najeriya da Kamaru, amma kada kowa ya sayar maka da alkawarin ganinsa. Ranar da muka shiga, mun bar ƙauye ana sallame asuba, muka tsallaka kogi ruwa iya gwiwa, takalma rataye a wuya. Bayan kamar sa'a biyu ɗan rakiyarmu, wani dattijo marar yawan magana, ya ɗaga hannu muka tsaya cak. Ya nuna sama. Can a cokalin wata doguwar bishiya an lanƙwasa rassa an saƙa su kamar faifai. Ya ce a hankali, "Malam, nan ya kwana. Ganyen bai bushe ba." Iyakar abin da muka gani ke nan na cimfanzi, gadonsa. Sai daga baya wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da doguwar jela suka yi ta dira daga reshe zuwa reshe a kanmu. Abokin tafiyata ya ce shi dai an cuce shi. Ni kuwa har yau gadon nan nake tunawa. Mai son tsuntsaye ma ba zai yi nadama ba, an lissafa sama da iri 500 a gandun.

Sai ta uku a ƙofofin, ta ɓangaren Gembu, wadda hoton wayar nan ke jawo mutane gare ta. Chappal Waddi, ko Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu inda ya fi shi tudu a Najeriya. Masu hawansa yawanci ba ta ƙauyen Gashaka suke bi ba. Sukan wuce Serti, su hau tsaunin Mambilla, su sauka Nguroje, daga nan babur ya kai su Njawai, sannan ƙafa ta karɓa. Tafiyar kwanaki ce, da kwana a waje, da dako, da sanyin da ke shiga ƙashi. Ba ta cikin sahun tafiyar wuni guda ko kusa. In hutunka bai kai kwana takwas ko tara ba daga gida zuwa gida, ko kuma rabonka da tafiyar sa'a biyar a ƙafa tun kana makarantar kwana, ka bar ta zuwa wani zuwan. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha, amma wannan ba arha ba ce.

Sai dai Mambilla kanta, ba tare da ƙololuwar ba, ta cancanci kwana ɗaya ko biyu a ƙarshen tafiyar Serti, ko da yake galibin wuraren da za ka zaga suna wajen iyakar gandun. Tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,600, ciyawa shimfiɗe kan duwatsu masu santsin baya, shanu ko'ina. Akwai gonakin shayi a Kakara inda ake yin Highland Tea, akwai kurmin Ngel Nyaki kusa da Yelwa wanda ake shiga a fito a wuni ɗaya, ga Gembu hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Sunan ma tarihi ne: yankin na cikin Arewacin Kamarun Ingila da ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. Da iyali zan je, da mata da yara ko dattijo, Mambilla zan zaɓa in bar kurmi, domin yawon can na tudu ne mai sauƙi kuma mota na kai ka kusa.

Yanzu maganar mota, inda ya kamata rabin kuɗinka ya tafi. Ƙaramar motarka ta gida za ta kai ka Serti, in ka bi ramuka a hankali, kuma za ta iya hawa Mambilla tunda kwalta ce. Abin da ba za ta yi ba shi ne shiga ƙauyen Gashaka. Hanyar ƙasa ce mai duwatsu da mashigai. Mafita ita ce ka ajiye ta a Serti ka nemi ta shiga daji a can. Wannan ya fi araha nesa ba kusa ba a kan ɗauko shatar Hilux tun daga Kano, inda za ka biya kuɗin kwanaki huɗun kwalta da kowace mota za ta iya yi, ga mai, ga abincin direba da makwancinsa. Shatar daga gida tana da ma'ana ne kawai in kun kai huɗu ko biyar kuna raba kuɗin. Matashi shi kaɗai da jaka a baya kuwa, motar haya daga tashar Jalingo da babur a ƙarshe sun ishe shi, in zai jure jiran mota ta cika da zaman mutum huɗu a baya.

In za ka ɗauki shata, kada ka tsaya kan fenti da sanyin na'ura. Durƙusa ka duba taya, ka sa a sauko da safaya ka gani da idonka, ka tambaya ko giyar da ke jan ƙafa huɗu tana shiga da gaske. Na taɓa biyan kuɗin mota mai sheƙi, sai da taya ta fashe bayan Bali muka tarar safayar ta fi wadda ta fashe gajiya, babu jak kuma. Sa'a uku muka yi a gefen titi kafin wani mai babur ya ɗauko mana mai faci. Sannan ka tambayi direban ko ya taɓa hawa Mambilla. Daga Mayo Selbe titin ke fara nannaɗe dutse, kwana bayan kwana, gefe guda bango gefe guda rami. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukowar ce. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Kano zuwa Zariya zai ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin rabin gangara ka ji ƙauri, birkin ya yi laushi. Da giya ta biyu ake saukowa, inji ya riƙe motar. Ba a banza ba har yau tsofaffin Land Rover ke jigila a ƙauyukan tudun.

Lokaci ma zaɓi ne. Daga Disamba zuwa Maris ake zuwa, lokacin da koguna suka ja baya. Da damina hanyoyin ciki sukan yanke, a manta da ita. Amma a cikin ranin ma akwai bambanci. Farkon Disamba ciyawa na da sauran kore, ruwa na da ɗan ƙarfi a mashigai. Tsakiyar hunturu tafiya ta fi daɗi, ba zufa, sai dai hazo na iya rufe tsaunukan har ka hau tudu ka ga fari fat, hoton da ka zo ɗauka ya tafi. Zuwa Maris kwari ya yi zafi, an ƙone ciyawa a wurare da dama, amma dabbobi sun fi matsowa bakin ruwa. Ni farkon Disamba nake zaɓa.

Game da kaya, mutane kan kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Ba ka bukatar jaka mai tsada ko sandar ƙarfe. Ɗan rakiya zai sare maka sanda a hanya. Takalmi ne kawai ba a yi masa rowa. Sabon but da aka ciro daga kwali ranar tafiya zai yi maka kanta da ƙuraje kafin azahar. Kambas na gwanjo mai ƙasa mai gurzo, irin wanda za ka tsinta a Ƙofar Wambai, ya fi shi, muddin ka yi mako biyu kana yawo da shi kafin ka tashi. Ka haɗa da silifas na roba mai maɗauri don tsallaka ruwa. Riga mai dogon hannu, mai haske, saboda ƙudan tsando na son baƙi da shuɗi. Rigar sanyi mai kauri in Mambilla na cikin lissafi, gidan sauro, tocila, maganin zazzaɓin cizon sauro. Guzuri kuwa namu na gida ya fi biskit: garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi.

Ɗan rakiya ba abin ciniki ba ne, dokar gandun ce, kuma tun 2017 da gidauniyar Africa Nature Investors ta shiga yarjejeniyar haɗin gwiwa da hukumar gandunan ƙasa aka ƙara ƙarfin sintiri. Ka tuntuɓi ofishin Serti kafin ka baro gida, ka ji kuɗin shiga na yanzu, da masauki, da wuraren da suka buɗe, ka kuma tambaye su halin hanya a makon. An sha fama da masu garkuwa da mutane a sassan Taraba, har da yankin Bali, saboda haka tafiyar dare babu ita a tsarin ko kaɗan. In la'asar ta same ka a gari mai masauki, kwana. Cika tanki a Jalingo, ka ƙara a Bali ko Serti ko da bai yi rabi ba. Ka cire tsabar kuɗi isassu, ƙananan takardu, tun kana inda mai POS ke da sabis, domin bayan ka bar kwalta wayarka agogo ce kawai, kuma Bafulatanar da za ta dama maka fura a gindin tudu ba ta karɓar tiransifa.