Wane fen ne zai jure hunturun Bauchi? Abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Idan ka tsaya wajen masu sayar da furanni a bakin titi cikin watan Agusta, komai kore ne shar, kuma a nan ido yake ruɗin mutum. Fen, tsiron nan mai ganye kamar gashin jimina wanda ba ya fure kuma ba ya 'ya'ya, ya fi kowa kyau a lokacin, domin iska cike take da laima. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne yadda zai kasance a Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ya bushe kafin azahar.

Mutane sukan ce ai gidansu akwai inuwa. To, inuwa daban, laima daban. Gindin mangwaro ko darbejiya zai kare tsiron daga rana, amma ba zai hana iskar hunturu zuƙe ruwan ganyensa ba. Hunturu na wucewa kuma zafin Maris da Afrilu ya shigo, ya doshi digiri 40, a Gombe ma abin ya fi haka. Ga shi da yawa daga tsirran ado da ake sayarwa a nan daga Jos ake kawo su, garin da ke kan tsauni kimanin mita 1,200, inda sanyi ya shagwaɓa su.

Mafi sauƙin samu shi ne wanda ake kira Boston, Nephrolepis a sunan kimiyya. Ganyensa dogo ne yana zubowa ta bakin tukunya, kuma yana da haƙuri: idan ka manta da shi kwana biyu zai zubar da ganye, ka ba shi ruwa ya sake toho. In ka samu ɗan'uwansa mai tsayayyen ganye, wanda saiwarsa ke da 'yan ƙwallaye kamar gurjiya, ɗauke shi, don ƙwallayen nan ma'ajiya ce da ke taimaka masa lokacin rani. Saiwa ɗaya takan cika tukunya har ka raba wa maƙwabta. Duk mai farawa, da wannan zan ce ya fara.

Akwai kuma Adiantum, mai ƙananan ganye da siririn kara baƙi mai sheƙi kamar gashi. Ba na jin akwai wanda ya kai shi kyau, kuma ba na ba kowa shawarar saye. Na taɓa ɗaukar guda, mai sayarwa yana ce mini, “Yallaɓai, wannan ruwa kawai yake so, ba shi da matsala.” Cikin Disamba na tafi biki kwana uku. Na dawo na taɓa ganyen, sai ya murƙushe a hannuna kamar busasshiyar kuka. Ƙasarsa ba ta yarda ta bushe ko sau ɗaya. Sai dai in kana da lungu kusa da randa, da wanda zai duba shi safe da yamma.

Asplenium, wanda ganyensa faffaɗa ne yana fitowa a kewaye kamar sheƙar tsuntsu, yana tsakanin waɗannan biyun wajen juriya. Ya fi dacewa da baranda, kuma a gefe ake zuba masa ruwa, ba a tsakiyar sheƙar ba, don kada ta ruɓe.

Wanda yake son abin da ba a kowane gida ake gani ba, ya nemi mai ƙahon barewa, Platycerium. Shi ba ya son ƙasa ma sam. A daji jikin itace yake maƙalewa, ba don ya sha jininsa kamar kauci ba, wurin zama kawai yake nema. Ganyensa iri biyu ne. Ɗaya zagayayye ne kamar faifai, yana lulluɓe saiwa, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Mutane sukan ɗauka ya mutu su ɓare shi, alhali shi ke riƙe laima da ruɓaɓɓen ganyen da tsiron ke ci. Ɗayan shi ne mai rassa kamar ƙaho, kuma akwai farin gashi-gashi a jikinsa da ke rage fitar ruwa. Kada ka sa tsumma ka goge da sunan ƙurar hunturu ce. Yayyafa ruwa ya isa. Wannan gashin ne ya sa nake ganin ya fi Adiantum dacewa da mu nesa ba kusa ba, duk da ya fi shi tsada kuma girmansa a hankali yake.

A cikin ire-irensa, nau'in bifurcatum, ɗan asalin Ostireliya, shi ya fi juriya. Akwai na Afirka, irin su stemaria da elephantotis mai ganye kamar kunnen giwa, amma stemaria ɗan kurmi ne, ya fi buƙatar laima. Ana ɗaure mai ƙahon barewa a jikin katako da ɓawon kwakwa a bayansa, a rataye. Lokacin rani ka sauke shi ka tsoma a bokiti na 'yan mintuna, ka bar shi ya tsane. Kada katakon ya taɓa ƙasa ko katangar laka, in ba haka ba gara ta samu abinci.

Fen mai kututture kamar bishiya, Dicksonia, da ake gani a hotunan lambunan Ingila, ka bar shi a hoton. Daga dazuzzuka masu sanyi na kudancin Ostireliya ya fito, kuma 'yan santimita yake ƙarawa a shekara. Wanda masu sayarwa ke kira asfaragus fen kuwa ba fen ba ne ko kaɗan, amma saiwarsa na tara ruwa, don haka mai yawan tafiya zai ji daɗinsa.

Lokacin saye shi ne farkon damina, Mayu zuwa Yuni, don tsiron ya kama kafin iska ta juya. Ka tambayi mai sayarwa, “Malam, yaushe wannan ya sauka daga mota?” Wanda ya yi hunturu guda a hannunsa ya fi wanda ya iso jiya, ko da na jiyan ya fi sheƙi. Juya ganyen ka duba bayansa. Ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere reras ba cuta ba ce, ƙwayoyin haihuwarsa ne. Farin abu kamar auduga a maƙale a gindin ganye, ko danƙo a yatsa, wannan ƙwaro ne, ajiye musu kayansu.

Ƙasar shuka ta zama ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi da gutsattsarin gawayi. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Idan ruwan rijiyar burtsatsenku yana barin fari a bakin tukunya, ka tari na sama a durom tun damina. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba sanyaya saiwa, sai dai tana saurin bushewa, don haka nakan saka ta cikin wata babba in cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Tukwanen kuma a jera su wuri guda a bayan katangar da ke tare iskar arewa maso gabas, inda akuya ba ta kaiwa.