Manhajar kwatanta farashi ta haɗe mukayyif biyu a layi ɗaya

Tauraro uku na fara ba manhajar nan ta kwatanta farashin kayan lantarki, kuma don saurinta ne kawai. Ka rubuta sunan kaya, kafin ka ƙifta ido ta jero maka shaguna daga mai araha zuwa mai tsada. Ga mai zama a Jidda ko Makka da ba ya son yawon shaguna cikin rana, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A kan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta ba ni kunya. Sifilit, irin mai kashi biyu, na ciki da na waje, mai ƙarfin sanyi tan ɗaya da rabi, wato BTU 18,000. Ta nuna shaguna da dama a ƙarƙashin hoto ɗaya, na saman ya fi kowa araha nesa ba kusa ba. Sai da aka buɗe shafin shagon aka duba cikakkiyar lambar samfurin sannan asiri ya tonu: haruffan ƙarshe sun bambanta. Na saman mai sanyi ne kawai, kwamfuresansa irin na da, mai tashi ya mutu. Sauran masu inbata ne, waɗanda kwamfuresansu ke rage gudu maimakon ya mutu, wasunsu ma suna ba da ɗumi da sanyi. Manhajar da sunan kamfani da girman BTU take haɗa kaya, ba ta karanta lambar har ƙarshe. Wannan kuwa ai kwatanta akuya da tunkiya ne don duka suna da ƙafa huɗu.

Bambancin a fatura, wato takardar kuɗin wuta, yake fitowa. Kowane mukayyif a nan yana da takardar ingancin wuta manne a jikinsa, mai nuna abin da yake ci a shekara. Wutar gidaje a Saudiyya halala 18 ce (halala ɗari ne riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura halala 30. Idan tsakanin injinan biyu akwai ratar kilowat-awa 1,000 a shekara, riyal 180 ke nan kafin dariba, wato harajin VAT, kowace shekara. Manhajar ba ta da gurbin wannan adadi ko kaɗan. Haka ba ta nuna ƙarfin sanyi a ma'aunin T3, wanda ake gwadawa a zafin digiri 46. Adadin da take bugawa na T1 ne, digiri 35. Wanda ya san Makka a watan Yuli ya san wanne ya shafe shi.

Sai kuɗin tarkib, wato ɗaura injin. Wani shagon ya haɗa ɗaurawa cikin farashi tare da 'yan mitocin bututun tagulla, wani kuwa kwali zai ajiye maka a ƙofa ya tafi, kuma duk mitar da ta ƙaru da kuɗinta. Duka a layi ɗaya aka jera su. Mai arahar ma daga Riyad yake, kuɗin kawowa bai bayyana ba sai da aka sa adireshin Jidda.

Da na zo nan na sauke zuwa tauraro biyu, don na tuna da dariba. Tun Yulin 2020 kashi 15 ce. A kayan riyal 2,000, riyal 300 ne cif. Wani farashin da ta kwaso babu ita a ciki, sai wajen biya ta faɗo.

Akwai maɓallin kai ƙorafi a ƙasan kowane kaya, kuma yana aiki idan an san abin da za a rubuta. "Farashinku ƙarya ne" ba ya gyara komai, domin mai dubawa bai san inda zai taɓa ba. A rubuta lambar samfurin duka biyun harafi da harafi, da sunan shagon, da farashin da manhaja ta nuna, da wanda ya fito a shafin biya, da garin da za a kai kayan. Kada a manta da rana da sa'a, don farashi na sauyawa, in babu lokaci sai su ce ya riga ya canza. Matsala ɗaya a saƙo ɗaya. Akwatin ba ya karɓar hoto, abin takaici, sai dai a ɗauki hoton fuskar waya a tura ta imel ɗinsu.

Da aka aika musu haka, sun raba samfuran biyu, kowanne da layinsa. A yaba musu a nan. Batun dariba da tarkib kuwa shiru kake ji.

'Yan uwa masu sayen firji ko injin wanki don aikawa Kano ko Maraɗi, ku duba bayan injin da idonku. Wutar Saudiyya 60Hz ce, ta gida 50Hz, kuma manhajar ba ta rubuta wannan a ko'ina.