Sharhi Kan Yadda Sashen Tsara Gari Yake Tantance Buƙatar Yanka Fulotai a Karkara

Na shafe kusan shekara guda ina kai da komo a sashen tsara gari na wata ƙaramar hukuma, bayan na shigar da buƙatar yanka wata gona zuwa fulotai 18 na gidajen zama. Ra'ayin da na fito da shi daga wannan hulɗa shi ne cewa ma'aikatan sun san ƙasa da ruwa ƙwarai, amma sun yi rauni wajen tafiyar da fayil daga wannan tebur zuwa wancan.

Zaman da aka yi da ni kafin in miƙa takarda shi ne mafi amfani a duk tsawon aikin. Jami'in ya shimfiɗa taswirar yankin, ya nuna mini cewa gefen gonar da ke bakin rafi ya faɗa cikin abin da suke kira yankin ambaliyar shekara 100, sannan ya gargaɗe ni cewa sunan yana ruɗin mutane. Ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ruwa ya kai wurin, kuma idan aka lissafa shekara 30 na zaman gida, yiwuwar tana kai wa kashi 26 cikin 100. Tun a ranar na cire wannan gefen daga lissafina.

Inda suka fi tsanantawa shi ne batun ruwan sha da bayan gida, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin a karkara babu bututun gwamnati da zai kawo ruwa ko ya kwashe ƙazanta, kowane gida sai ya dogara da rijiyarsa da sokawensa. Sun sa aka haƙa ramuka a sassa daban-daban na gonar, aka cika su da ruwa, aka riƙa auna mintunan da ruwan yake ɗauka kafin ya sauka. Ƙasa mai yumɓu tana riƙe ruwa har sokawe ya tumbatsa, mai yashi kuwa tana sakinsa da sauri tun bai tace ba, ya gangara zuwa rijiyar maƙwabci. Da aka haɗa sakamakon da sharaɗin barin tazarar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe, wanda ma'auni ne da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa, sai fulotaina suka koma 13. Raina ya ɓaci a lokacin, ba zan ɓoye ba, amma da na zauna da mai awon fili muka sake duba zanen, na ga babu yadda za a yi gidaje 18 su zauna a wurin ba tare da wani ya sha ƙazantar wani ba.

Sharuɗɗan hanya ma sun dace da hankali: faɗin da motar kashe gobara za ta shiga ta juya, kwalbati a mashigar ruwa, da kuɗin lamuni da mai fili zai ajiye domin kada ya sayar da fulotai ya bar hukuma da hanyar da ba a kammala ba.

Matsalar ta fara ne bayan amincewar farko. Fayil ɗin yana zuwa sashen lafiya, ya dawo, sannan ya tafi sashen ayyuka, maimakon a aika wa kowa kwafinsa lokaci guda. Sashen ayyuka ya nemi a faɗaɗa hanya, faɗaɗawar ta rage girman wasu fulotai har suka gaza abin da sashen lafiya ya gindaya, kuma babu jami'i ɗaya da aka ɗora wa alhakin sasanta su. Sau uku mai awo ya sake zane, kowane lokaci da kuɗina.

Zaman jin ra'ayin jama'a shi ma bai gamsar da ni ba. Manoman da ke maƙwabtaka da gonar sun nuna fargabar cewa sababbin mazauna za su zo su fara ƙorafi kan warin dabbobi, fargabar kuwa tana da tushe, amma hukumar ba ta da rubutaccen ma'auni da za ta yanke hukunci da shi. Lardin Ontariyo na Kanada yana da lissafin tazara tsakanin garke da sabon gida, wanda yake la'akari da nau'in dabbobi da yawansu, jihar Oregon ta Amurka kuma tun 1973 ta kafa dokar da ta wajabta shata wa birane iyaka da keɓe ƙasar noma. A hukumar tamu kuwa kowace buƙata ana auna ta ne ita kaɗai, ba a tambayar nauyin da fulotai da yawa za su haɗu su ɗora wa ruwan ƙarƙashin ƙasa da hanya da makaranta.

Wanda zai nemi irin wannan izini ya yi gwajin ƙasa kafin ya biya kuɗin zane, ya kuma nemi a ba shi sharuɗɗan dukkan sassa a rubuce tun daga farko, sannan kada ya karɓi kuɗin mai saye sai an yi wa taswirar ƙarshe rajista.