Intralipid ko SMOFlipid: amsa ga 'yar uwarmu ta Agege

Hajiya, kin ce yau kwanan maigidanki shida a ɗakin kulawa ta musamman bayan an yi masa aikin hanji, ba a ba shi komai ta baki, an kuma ce ku sayo farin ruwan nan mai kama da madara da ake ɗaurawa ta jijiya. A kantin magani an nuna miki iri biyu, Intralipid da SMOFlipid, na biyun ya fi tsada, kina so ki san ko mai tsadar ya fi ƙosarwa. Allah Ya tashi kafaɗunsa. Aikina harhaɗa magunguna ne a wani asibiti a nan Legas, kwalaben nan ta hannuna suke bi.

Wajen ƙosarwa dai kunnen doki suke. Idan an rubuta 20% a jikin kwalba, kowane mililita yana ɗauke da kalori 2. Kwalbar mililita 250 ke nan giram 50 na mai, kalori 500, ko Intralipid ce ko SMOFlipid.

Inda suka rabu shi ne irin man. Intralipid man waken suya ne zalla, kuma shi ne dattijon, tun 1962 aka fara amfani da shi a Suwidin, aikin wani masani Arvid Wretlind. SMOFlipid gauraye ne: kashi 30 waken suya, 30 mai saurin ƙonewa da ake tacewa daga irin su kwakwa, 25 zaitun, 15 man kifi. Waken suya cike yake da omega 6, wanda jiki ke sarrafa sinadaran kumburi da shi, ga kuma wasu sinadaran tsiro da ke wahalar da hanta idan aka daɗe ana ɗaurawa, har shawara ta bayyana a ido. Man kifi yana kawo omega 3 mai kwantar da kumburi, gaurayen kuma ya fi bitamin E. A takarda ya yi nasara. A gadon asibiti kuwa ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba: ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ta karkata ga gauraye, ta Amurka kuma a 2022 ta ce kowanne ya yi. Ni ra'ayina, in kwanaki kaɗan ne kuma hantarsa lafiya lau, kada ki ci bashi saboda mai tsadar. In abin zai kai makonni, ko gwajin hanta ya fara hawa, kuɗin gaurayen bai faɗi ƙasa banza ba. Likitansa ne zai yanke, shi ke riƙe da sakamakon jinin.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan, don mu mun saba in mutum ya rame a ɗura masa. Jikin da ke cikin tsananin ciwo yana narkar da ajiyarsa da kansa, in aka ƙara masa da yawa sukari ya hau, hanta ta yi kitse, numfashi ya ƙara nauyi. Ana lissafa kalori 20 zuwa 25 a kowane kilo, wato mai kilo 70 bai wuce 1,750 a rana ba, kwana ukun farko ma ba a so a haura kashi 70 na hakan. A Beljiyam, a 2011, an gwada marasa lafiya 4,640, waɗanda aka jinkirta musu abincin jijiya zuwa kwana na takwas sun fi saurin barin ɗakin, kuma sun fi tsira daga ƙwayoyin cuta. Mutanen da ke jira a kan benci a waje sukan ɗauka rowa ce ko sakaci, alhali lissafi ne.

Idan yana kan injin numfashi, ki tambaya ko ana ba shi propofol, farin maganin barcin nan. Shi ma a cikin man waken suya aka dama shi, kalori 1.1 a mililita. Mililita 20 a awa ya haura kalori 500 a rana, kwalba guda ke nan da dole a cire daga lissafi. Ki kuma tambayi ranar da za a gwada ba shi abinci ta bututun hanci, domin da zarar hanji ya motsa shi ya fi jijiya.

Duka biyun da sinadarin gwaiduwar ƙwai ake haɗa su. In ƙwai, waken suya, gyaɗa ko kifi na sa masa borin jini, ki faɗa tun yanzu. Kafin ki biya, ɗaga kwalbar sama ki duba: fari sumul kamar madara, ba mai yana yawo a kai. Kada a sa ta a firiza, kada kuma a bar ta a but ɗin mota cikin cunkoson Oshodi da tsakar rana.