Fentin enamel na tarakta: abin da na gani bayan na fesa wa tsohuwar Wheel Horse

Fentin da zan yi magana a kansa shi ne wanda ake sayarwa da sunan fentin tarakta da injinan gona, wato enamel ɗin nan mai mai da ake kira alkid. Da shi na fesa wa wata ƙaramar taraktar lambu, Wheel Horse C-120 ta shekarun 1970, mai injin Kohler K301 na ƙarfin doki 12. Kamfanoni da yawa suna yin irinsa kuma halinsu kusan ɗaya ne, don haka maganata a kan nau'in fentin take. Na gamsu da shi, amma da sharaɗi biyu: a zuba masa sinadarin taurarawa, wanda masu fenti ke ce wa hadna, sannan a ba shi lokaci. Wanda ba zai iya cika waɗannan ba, gara ya nemi wani fentin.

Waɗannan taraktocin a garin South Bend na jihar Indiana ta Amurka aka ƙera su, kafin kamfanin Toro ya sayi Wheel Horse a 1986. Ƙarfe ne mai kauri tun daga bonet har firam, shi ya sa suke kai wa yanzu da ransu. Launinsu ja ne, kuma nan ne wahalar farko take. Jan da ido ke gani a saman bonet ba shi ne na asali ba, rana ta riga ta cinye shi. Sai da na cire kujera na duba ƙarƙashinta, inda haske bai taɓa shiga ba, sannan na ga ainihin launin, na gwada shi da jan gwangwanin a kan ɗan guntun ƙarfe. Sun yi kusa ƙwarai, kodayake na gwangwanin ya ɗan fi haske. Wani abin lura shi ne ja ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa da sauri. A kan faraima (fentin da ake fara shafawa a ƙasa) mai ruwan toka ya fito da haske, a kan faraima ja kuwa ya fi duhu da zurfi. Duk wanda aka zaɓa, a yi amfani da shi a jikin taraktar baki ɗaya, in ba haka ba bonet da modigad za su fito kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Aikin da ya fi cin rai ba ya cikin gwangwani. Tarakta mai shekaru kusan hamsin jikinta cike yake da giris da baƙin mai, musamman kewayen giyabos da ƙasan injin. Fentin nan yana da haƙuri da ƙarfen da bai yi sumul ba, amma ba ya yafe maiƙo ko kaɗan. Ɗigon mai guda ya isa ya sa fenti ya tsere daga wurin ya bar ɗan rami zagayayye. Na wanke komai da maganin cire maiƙo kafin in taɓa sanfefa, domin gogewa a kan giris tura shi take yi cikin ƙarfe. Tsatsar da ta yi ramuka na shafa mata ruwan asid na fosforik, wanda ke mayar da ita baƙi-ƙirin ta daina ci gaba. Na fara da sanfefa mai lamba 180, na ƙare da 320 a kan faraima. Ina roƙon duk mai wannan aiki ya kula da ƙurar tsohon fenti, domin fentin masana'antu na wancan zamanin yakan ƙunshi dalma. A goge da ruwa idan zai yiwu, kada yara su kusanci wurin.

Wajen feshi kuwa, fentin ya faranta mini rai. Da bindigar feshi mai baki milimita 1.4 da tinar da aka rubuta a jikin gwangwani, ya kwanta luf, ya baje da kansa ya yi ƙyalli ba tare da an ƙara masa wani fenti mai sheƙi a sama ba. Jinkirin bushewarsa ne ke ba shi damar bajewa haka, kuma ko da burushi aka shafa shi a firam da wuraren da ba a gani, sawun burushin yakan ɓace. Ga wanda bai ƙware da bindiga ba, wannan babban alheri ne.

Sai dai wannan jinkirin shi ne kuma aibinsa. Alkid ba ya taurara don tina ta tashi kawai, sai iskar oksijin ta ratsa shi a hankali. Idan aka labta shi da kauri, sama zai yi fata alhali ciki ɗanye ne, daga baya ya yamutse. Washegari za ka taɓa ka ji ya bushe, amma ka danna farce ka ga sawu, kuma haka zai iya zama har makonni. Akwai kuma lokacin da aka ƙayyade na ƙara shafi na biyu: ko dai a yi shi da wuri, ko a jira sosai. Wanda ya fesa a tsakiyar wannan lokacin, sabon zai iya ɗaga na ƙasa. A karanta gwangwanin, a bi abin da ya ce.

Na gwada guntayen ƙarfe biyu, ɗaya da hadna ɗaya babu, na bar su suka kwana biyu sannan na ɗiga musu fetur. Wanda babu hadna ya yi laushi ya dushe, ɗayan kuwa na goge shi da tsumma bai nuna komai ba. A tarakta wadda ake zuba wa mai a tanki kuma kafireto kan yi ɗigo, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Hadna tana hanzarta taurin kuma tana ƙara ƙyalli, amma da zarar an gauraya, cikin 'yan awanni abin da ya rage a kofi ya lalace, don haka a haɗa daidai buƙata. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke raina haɗarinta. Tana ɗauke da sinadarin isosayanet, wanda ke iya jawo wa mutum asma ta dindindin. Takunkumin ƙura na takarda ba ya tare shi. Mafi aminci shi ne abin rufe fuska mai kawo iska daga waje, tare da safar hannu da wuri mai wadatar iska.

Akwai inda fentin bai dace ba. Salansa da bututun hayaƙi suna buƙatar fentin da ke jure zafi, wannan zai ƙone ya bare. A kan injin ma shafi mara kauri na yi, don iska ce ke sanyaya Kohler ɗin, bai kamata a toshe haƙarƙarin silinda da iskar ke ratsawa da fenti ba. Na rufe farantin lambar taraktar da tef, na kuma kankare fenti a inda wayar as, wato ta negatif ɗin batir, ke haɗuwa da firam don sitata ta samu wuta.

Idan niyyarka tarakta ce ta baje koli mai ƙyallin sabuwar mota, fentin yuritan na motoci ya fi wannan tauri da riƙe launi, domin jan alkid yana dusashewa idan ya daɗe a rana. Tawa aiki take yi, tana jan kaya tana yanke ciyawa, kuma idan reshe ya karce ta, ɗan burushi ya isa in gyara wurin. Na jinkirta manna sitika da ɗaure notuna a kan sabon fentin har sai da farce ya daina barin sawu, kuma a ƙarƙashin rumfa nake ajiye ta.