Cin dare a Napoli ga mai gudun alade da giya: abinci ya yi, lissafi ya so ɓata

Masu harkar fata da ke zuwa Solofra, garin majema na lardin Avellino a kudancin Italiya, inda ake jeme fatun awaki da tumaki, sun san ciniki da Italiyawa ba ya ƙarewa a masana'anta. Sai an zauna a teburi. Wannan karon mu muka ce za mu biya wa kanmu, ni da ubangidana Alhaji, muka nemi a nuna mana wurin da mutanen gari ke ci a Napoli, ba na 'yan yawon buɗe ido ba. Aka tura mu wani ɗan gidan abinci na iyali a cikin lungunan tsohon gari. Ba zan kama sunansa ba, don ina da ƙorafi a kansa, kuma ba na son ƙorafin ya danne alherin da suka yi mana.

Farko dai lokaci. Kada ka je ƙarfe shida da yunwarka, ƙofa za ka tarar a rufe. Sai wajen bakwai da rabi suke buɗewa, cikowa kuma sai tara ta gota. Ɗakin ƙarami ne, tebura a matse, hayaniya kuwa ba a magana, domin mutanen Napoli da baki da hannu suke hira. A ƙarshen ɗakin ga tanda mai ƙubba ana iza mata itace, zafinta na kaiwa har inda muke zaune.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mai sabis ɗin da ya kula da mu, wani dattijo mai furfura. Da ɗan Italiyancin da na tsinta a kasuwa na gaya masa mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba ma shan giya. A wurare da yawa a Turai daga nan sai a gyaɗa maka kai, a cire yankan naman da ido ke gani, a kawo maka sauran. Shi kuwa sai ya ja takardar jerin abincin gabansa, ya bi ta da yatsa layi-layi. Miyar naman nan da suke kira ragù, wadda ake yini ana dafawa, ya ce mu bar ta, akwai haƙarƙarin alade a ciki. Soyayyar pizza, akwai soyayyen kitsen alade a cikinta. 'Yan zoben biskit masu masoro da ya riga ya ajiye mana a kwando, taralli, da hannunsa ya janye su, ya ce da man alade aka kwaɓa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don ba abin da zai sa ka zargi biskit. Da muka zo kan kayan zaƙi ya ce babà a jiƙe yake da barasa, sfogliatella kuma ta gargajiya da man alade ake yin ɓawonta, tasu daga waje suke sarowa, saboda haka ba zai rantse a kanta ba. Mutumin da zai rage wa gidansu ciniki don ya gaya maka gaskiya, ya gama yin rabin aikinsa tun ba a ɗora tukunya ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai, wannan tsohon da amana yake." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari dai mu ga abincin."

Nama mun bar shi gaba ɗaya, tunda ba mu san yankan ba. Muka tsaya kan pizza da taliya da kifi.

Pizza biyu muka karɓa muka raba, margherita da marinara. Ta farkon tumatir ce da cukun mozzarella da ganyen ɗoɗɗoya da man zaitun. Ta biyun ko cuku babu, tumatir ne da tafarnuwa da busasshen ganyen oregano da mai. Shi ke nan. Na tashi na tsaya kusa da mai gashin, ban kai ga gyara tsayuwa ba har ya fito da ita: zafin tandar ya haura digiri 400, gashin ba ya wuce minti ɗaya da rabi. Gefenta ya kumbura, da ɗigon ƙuna nan da can, ƙamshin ya tuna mini gurasar Jakara da aka ciro yanzu daga tanderu. Tsakiyar kuwa siririya ce, mai laushi, har da ɗan ruwa-ruwa. Wanda ya saba da pizza mai kauri da ake lafta wa kaza da tsiran nama a Abuja zai ce ba ta gasu ba. Ta gasu. Haka ake yinta, shi ya sa suke naɗe ta ko su ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Ba wasa suke da abin ba: tun 1984 suna da ƙungiyar da ke tsare ƙa'idar pizzar Napoli, daga irin fulawa har tsawon lokacin da kwaɓi zai tashi, kuma a 2017 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar masu gashinta cikin al'adun duniya da ake tattali.

Marinara ta fi burge ni, kuma ita ce mafi araha a takardar. Inda babu cuku babu nama, babu inda tumatir zai ɓuya. Nasu irin San Marzano ne, dogo mai tsoka, wanda ake nomawa a ƙasar da ke gindin Vesuvio, dutsen nan mai aman wuta. Ba su soya shi ba, ba su zuba masa sinadarin ɗanɗano ba, murƙushe shi kawai suka yi da gishiri. Zaƙi da ɗan tsami suka zo daidai. Alhaji ya fi son margherita, saboda cukun na nonon ɓauna ne, irin wanda yankin Campania, inda Napoli take, ya yi suna da shi, yana yankawa madara na tsattsafowa.

Taliya ce ta raba mana ra'ayi. Na nemi spaghetti da vongole, wasu 'yan ƙananan halittun teku masu ɓawo biyu, waɗanda a mazhabar Malikiyya ba mu da matsala da su. Mai sabis ya ce mai dafuwarsu kan ɗan tsiyaya farar giya a kasko, amma zai sa a yi mini ba ita. Ya je, ya dawo ya tabbatar. Ta zo da tafarnuwa da mai da ruwan teku da ya fito daga cikin ɓawon, ya kama jikin taliyar luƙui. Taliyar ta Gragnano ce, wani gari kusa da nan da ya daɗe da shahara a sana'ar. Ni ta yi mini. Alhaji ya tauna tasa mai tumatir sau biyu ya ajiye cokali, ya ce, "Wannan ai ba ta nuna ba." Italiyawa da sauran tauri a tsakiya suke sauke ta, kuma a ganina suna da gaskiya, don ta fi riƙe miya, ba ta kuma nauyi a ciki. Amma wanda ba ya so ya faɗa tun farko. Da muka roƙa an mayar an ƙara dafawa, sai dai fuskar mai dafuwar da ya leƙo ta taga ta nuna an yi masa laifi.

Barkono ma sai ka nema. Sun kawo ɗan man zaitun da aka jiƙa jan barkono a ciki, yana da ƙamshi, amma ga harshen da ya saba da attaruhu bai kai ko'ina ba.

Yanzu ga ƙorafin. Bayan taliya mai sabis ya kawo ɗanyen kifi a faranti ya nuna mana, orata, idonsa garau, ya ce na yau ne. Muka ce a gasa. Ya ɗauki fiye da minti arba'in, ba wanda ya zo ya ce mana uffan, alhali ɗakin ya cika kuma dattijon shi kaɗai ne da wani yaro. Kifin da ya iso ba shi da makusa: gishiri, lemon tsami, mai, sai dankali a gefe, an zare ƙayar a gabanmu. Matsalar a takardar kuɗi take. Farashin da ke jikin jerin abincin ashe na kowane giram 100 ne, an rubuta da ƙananan haruffa a gefe, kifin kuma ya kusa kilo. Shi kaɗai ya fi kuɗin pizza biyu da taliya biyu a haɗe. Al'ada ce a gidajen kifi na Italiya, ba zamba ba ce. Amma mutumin da ya ɓata lokacinsa yana warware mana zancen man alade a biskit, ya san baƙi ne mu, jimla ɗaya ta isa ya ce kifin zai kai kaza. Bai faɗa ba, kuma na riƙe masa wannan.

Akwai kuma coperto, kuɗin zama da burodi da ake ɗora wa kowane kai, mu yuro biyu-biyu aka ɗora mana a nan. Ruwan sha ma na kwalba ne, ana biya, kuma za a tambaye ka marar gas ko mai gas. Waɗannan ba su dame ni ba, tunda ba a jiran ka bar wani tukuici mai yawa a bayansu. Takardar kuɗin kuma ba za ta zo ba sai ka kira, ko da za ka kwana a kujerar. A wajensu kawo ta ba a nema ba kora ce.

Mun rufe da ƙanƙarar lemon tsami, wadda aka tabbatar mana babu barasa a ciki, sai gahawa a ɗan mitsitsin kofi mai zafi, baƙa ƙirin, da ruwa a gefe da ake sha kafin a kurɓa. Alhaji ya zuba sukari cokali biyu, ya sha, ya nemi ƙari.

Zan koma, kuma zan kai duk abokin sana'ar da ya biyo ni Solofra. Marinara da spaghetti da vongole zan sake ci, in faɗi maganar alade da giya tun ban zauna ba. Kifi kuwa sai an ɗora shi a sikeli a gabana an gaya mini kuɗinsa kafin ya hau wuta.